Sansanin dogon hutu: in tura yaron ko in bar shi a gida?

Maman Uku: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Babban ɗana shekararsa 13, kuma tun da aka ba su dogon hutu dare ya zama masa rana. Jiya ƙarfe biyu na dare na leƙa ɗakinsu, na tarar ya lulluɓa da bargo har ka, hasken waya na fitowa ta gefen bargon. Ba ya tashi sai wajen sha ɗaya, ido a kumbure, ka yi masa magana ya amsa da "uhm". Yanzu babansa ya kawo maganar wani sansanin yara na mako biyu, a can ake kwana, waya kuma tun daga ƙofa ake karɓe ta. Ni dai zuciyata ta ƙi kwanciya. Yaron nan bai taɓa kwana biyu a jere ba na kusa ba. Don Allah waɗanda suka sani, da gaske abin yana da amfani ga lafiyar yaro, ko talla ce kawai?

Malam Mai Alli: Wa alaikumussalam Hajiya. Abin da kika kwatanta duk shekara muna ganin ƙarshensa a aji. Makon farko bayan dogon hutu rabin ajin gyangyaɗi suke yi, wasu kuma wandon makaranta ya matse su. Ba mu kaɗai muka lura ba. A 2007 an fitar da wani bincike a Amurka da ya bi yara ƙanana sama da 5,000, aka ga ƙiba ta fi saurin hawa musu a lokacin dogon hutu fiye da lokacin da ake zuwa makaranta. A 2017 masu bincike a Jami'ar South Carolina suka kawo bayanin da ni ya gamsar da ni: ranar makaranta rana ce mai tsari. Akwai lokacin tashi, lokacin cin abinci, lokacin fita wasa, lokacin kwanciya. Hutu na zuwa sai tsarin ya watse, yaro ya ci lokacin da ya ga dama, ya zauna wuri ɗaya, ya kwanta lokacin da batir ya mutu. Abin da sansani ke yi shi ne mayar da wannan tsarin, amma ba da alli da allo ba, da wasa.

Kawu: To Malam, ai ka gama maganar da kanka. In tsari ne maganin, me ya hana a yi shi a gida? Hajiya ki karɓe wayar ƙarfe tara, ki tashe shi da safe, ki kora shi waje ya buga ƙwallo. Ba sai an ɗauki yaro an damƙa wa mutanen da ba a san halinsu ba. Mun koma biyan wasu su yi mana tarbiyya.

Maman Uku: Kawu na gwada wallahi. Kwana uku ana yaƙi a gidan, rana ta huɗu na gaji na miƙa masa.

Kawu: Ashe ke ce ke buƙatar sansanin, ba shi ba.

Anti Nas: Kawu ka sassauta mata mana. Yaya, bari in yi miki maganar jiki tunda ita ce aikina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. A 2019 hukumar ta fitar da alƙaluman ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, 'yan shekara 11 zuwa 17, aka ga kashi 81 cikin ɗari ba sa cika wannan awa ɗayar. Mata ma sun fi, kashi 85. Kenan ɗanki ba shi kaɗai ba ne. A sansani kuwa ba wanda zai tsaya yana cewa "je ka motsa jiki". Tafiya wurin cin abinci, ɗaukar kaya, kafa tanti, guje-guje, kafin rana ta take ya cika awarsa bai ma sani ba.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne barcin. Mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Jiki yana da agogonsa, kuma haske ne ke saita shi. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari, melatonin, shi ke shaida wa jiki dare ya yi. Hasken fitila da na waya suna jinkirta shi, hasken safiya kuma yana jawo shi da wuri. Da ma balaga kanta tana tura agogon yaro zuwa can dare, sai waya ta zo ta ƙara. A 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Colorado ya kai mutum takwas zaman daji na mako guda, ba fitila ba waya, sai rana da wutar itace. Da suka dawo aka auna, sinadarin yana fara fitowa kusan awa biyu kafin lokacin da ya saba. Manya ne aka gwada, kuma takwas ba yawa ba ne, amma abin ya dace da duk abin da aka sani game da haske da barci.

Ɗalibin Likita: Anti ki ba ni dama in ƙara da ido. Matsalar rashin ganin nesa tana ta yawaita a tsakanin yara, har a wasu biranen gabashin Asiya mafi yawan masu gama sakandare da tabarau suke fita. A Guangzhou ta ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 na zama a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, kashi 30 ne suka kamu, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Taiwan tun 2010 ta sa makarantu su riƙa fitar da yara waje awa biyu a rana. Ko a inuwar bishiya kake, hasken waje ya ninka na ɗaki sau da yawa, kuma masana na ganin shi ke hana ƙwayar ido yin tsawon da ya wuce kima. Sai dai gaskiya mako biyu ba zai ceci idon kowa ba. Sai in yaron ya dawo da son zaman waje.

Kawu: Yauwa ɗana, ka faɗi gaskiya. Mako biyu cikin hamsin da biyu.

Autar Gida: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni an taɓa tura ni ina shekara 14. Ba zan ɓoye ba, kwana ukun farko azaba ce. Dare na biyu na shiga banɗaki na kulle, na toshe bakina da tawul ina kuka don kar a ji. Wadda ke gadon sama da ni minshari take yi, ga sauro, ga safata da na wanke da kaina ta ƙi bushewa. Na rubuta wa mamata wasiƙa cewa in ba ta zo ta ɗauke ni ba ba zan ƙara yi mata magana ba.

Rana ta huɗu aka ba ƙungiyarmu aikin kafa tanti, mu shida. Sau uku yana zubewa. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na lura igiyar gefe ɗaya ce ake ja fiye da ɗayar. Na faɗa a hankali, ba wadda ta ji. Sai na ji muryata ta fita da ƙarfi, "Ku saki ta can!" Suka saki, tanti ya miƙe. Ƙaramin abu ne, na sani. Amma ranar ce karo na farko da na yi magana mutane suka bi. Wasiƙar nan ban ma aika ba, har yanzu tana cikin akwatina. Mai minsharin kuwa ita ce babbar ƙawata yau.

Maman Uku: Kukan banɗakin nan ne fa nake tsoro, ƙanwata. Ina karantawa hawaye na zubo min.

Tsohon Sikawut: 'Yata, kukan nan zai yi shi, ki sa a ranki tun yanzu. Na yi shekaru ina kwana da yara a tanti, kuma wanda bai yi kewar gida ba shi ne abin mamaki. Yawanci da magariba take kamawa, in hayaniya ta lafa, da kuma lokacin kwanciya. Yaro zai zo ya ce cikinsa na ciwo. Ka duba, lafiya lau. Ba ka ce masa "kai namiji ne, daina", ba ka kuma kira uwarsa nan take ba. Ka zaunar da shi, ka tambaye shi wa ya fi tunawa a gida, ya ba ka labari, sannan ka ba shi aiki: riƙe min fitilar nan mu zaga mu ga ko kowa ya kwanta. Mafi yawansu kafin kwana na uku ko na huɗu sun ware. Kaɗan ne abin ke yi wa tsanani har su daina ci da barci, waɗannan kam a kira iyaye, ba a wasa da su.

Kuskure ɗaya nake roƙon ki kar ki yi. Kar ki ce masa "in ba ka ji daɗi ba ka sa a kira ni in zo in ɗauke ka." Da kin faɗi haka kin gaya masa ke ma ba ki yarda zai iya ba, kuma zai zauna yana jiran mota maimakon ya nemi aboki. Wani masanin halayyar yara a Amurka, Christopher Thurber, ya daɗe yana nazarin kewar gida a sansanoni, shi ma gargaɗin da yake yi wa iyaye ke nan. Kuma kar ki yi kuka a gabansa ranar rabuwa. Ki bari sai kin juya.

Abin ba sabo ba ne. A 1876 wani limamin coci a Zurich ta ƙasar Suwizalan, Walter Bion, ya kwashi yaran talakawa daga cunkoson gari ya kai su kan tsaunuka su sha iska, tun asali don lafiyarsu aka yi. A 1907 wani hafsan sojan Ingila, Baden-Powell, ya tara yara kusan ashirin a tsibirin Brownsea na Ingila, 'ya'yan masu hali da 'ya'yan ma'aikata, ya raba su ƙungiya huɗu, kowace da yaro a matsayin shugaba. Daga nan sikawut ta samo asali. Dabarar ita ce ƙaramar ƙungiya da amana a hannun yaro. Abin da Auta ta ba da labari ke nan. A gida, Kawu, in tanti ya faɗi uwa ce za ta taso ta kafa.

Kawu: Baba, girmanka ne, amma tunda ka ambaci sikawut bari a faɗi ɗaya gefen. Ƙungiyar sikawut ta Amurka a 2020 ta je kotu ta ce ta karye, saboda ƙararrakin lalata da yara. Mutum sama da 80,000 ne suka fito suka ce an ci zarafinsu. Ƙungiya mai suna, mai shekara fiye da ɗari. Sannan a Yulin 2025 ambaliya ta afka wa wani sansanin 'yan mata a bakin kogi a Texas cikin dare, aƙalla rai 27 suka tafi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tsohon Sikawut: Ba ka yi ƙarya ba, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Duk inda aka tara yara, mugu zai nemi hanyar shiga. Shi ya sa ba a tura yaro saboda hoto mai kyau a Facebook. Ki je da ƙafarki, 'yata. Ki tambayi babba nawa ne ke kula da yara nawa, dare da rana. Ki tambaya ko akwai dokar da ta hana babba keɓewa da yaro shi kaɗai, dole sai da na biyu a wurin. Wa ya binciki tarihin ma'aikatan? Ina ɗakunan kwana suke, kwari ne ko tudu? In akwai iyo, wa ke tsaye a bakin ruwa, kuma ya iya ceto? In kika ga ana ɓata rai don kin yi tambaya, kin samu amsarki.

Baban Auta: Ni na tura nawa bara, kuma na yi nadama. Shekararsa 11, ƙaramin jiki gare shi. Aka haɗa shi ɗaki da 'yan shekara 15. Suka mayar da shi ɗan aike, suka ɓoye masa takalmi, suka laƙaba masa sunan da har yau ba ya so a ambata. Mai kula da su yaro ne shi ma, dare na yi yana can yana danna tasa wayar. Tunda an karɓe wayar yarona, ba yadda zai gaya min. Ya dawo ya yi wata guda ba ya son fita ƙofar gida. Don haka masu cewa hana waya alheri ne, ku tuna ita ce kuma hanyar da yaro zai yi kuka a ji.

Maman Uku: Subhanallah. Allah ya ba shi lafiya. Yanzu ya yake?

Baban Auta: Da sauƙi Hajiya, ya ware. Amma in aka ce sansani sai ya bar ɗakin.

Malam Mai Alli: Allah ya kyauta. Wannan ya tuna min wani gwaji da muka karanta a kwalejin horon malamai. A 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Muzafer Sherif, ya kai yara maza 22 wani sansani a Oklahoma ta Amurka, ya raba su gida biyu, ya dinga haɗa su gasa. Cikin 'yan kwanaki suka fara zagin juna, suna ƙona tutar juna, suna kai hari ɗakin kwana. Zaunar da su wuri ɗaya su ci abinci bai sasanta su ba. Sai da aka toshe musu ruwan sha, aka kuma ce motar da za ta kawo abinci ta ƙi tashi, dole suka haɗu suka ja ta da igiya, sannan gaba ta fara sauka. Yara ɗaya, daji ɗaya. Abin da manya suka tsara ne ya bambanta. Daji ba ya gyara kowa da kansa.

Game da waya kuma, akwai wani binciken Jami'ar California ta Los Angeles na 2014. Yara 'yan aji shida kusan hamsin suka yi kwana biyar a sansani ba waya ba talabijin. Da aka gwada su da hotunan fuskoki da bidiyo marar sauti, sun fi takwarorinsu da suka zauna gida ci gaba wajen gane wanda ke fushi, wanda ke tsoro, wanda ke baƙin ciki. Gwajin ƙarami ne, amma duk malami ya san yaron da ba ya kallon fuskar mutane ba ya iya zama da su. Maganar Baban Auta kuma tana nan daram. Sansanin kirki yana da ranar kiran gida, da wani babba daban da mai kula da ɗaki wanda yaro zai iya kai wa ƙara.

Anti Nas: Ƙari a kan tambayoyin Baba: akwai ma'aikacin lafiya da ke kwana a wurin? Asibiti mafi kusa minti nawa ne? Ana tsayar da wasa in rana ta take, ana sa su shan ruwa ko ba su nema ba? Yaro in wasa ya yi daɗi mantawa yake da ƙishi. In yana da asma, ko sikila, ko ciwon suga, ko farfaɗiya, a rubuta a ba su tare da maganinsa, kar a ɓoye don tsoron za su ƙi karɓarsa. Akwai ma sansanonin da don yara masu jinya aka kafa su, kamar wanda ɗan wasan fim Paul Newman ya buɗe a Connecticut ta Amurka a 1988.

Sannan Yaya, wata magana da nake so ki riƙe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, damuwa da fargaba na kan gaba. Motsa jiki da barci da abokai suna taimakawa ƙwarai, amma sansani ba asibiti ba ne. In "uhm" ɗin nan tasa ta rashin barci ce, za ki ga canji. In kuwa ya daina jin daɗin abin da yake so da, ya rage ci, yana keɓewa ko da babu waya, yana maganar ya gaji da rayuwa, to likita za a fara gani kafin a yi zancen tanti.

Maman Uku: A'a alhamdulillah, yana ci kamar gara, kuma in abokansa suka zo har dariyarsa nake ji daga kicin. Ni ce dai ba ya yi wa.

Autar Gida: Mama wannan kam shekarun ne, duk mun yi.

Kawu: Har yanzu ba wanda ya amsa min. Ya dawo, an miƙa masa wayarsa a ƙofa. Kwana nawa kafin ya koma ƙarƙashin bargo?

Tsohon Sikawut: In gidan bai canza ba, mako guda ya yi yawa. Barcin zai koma yadda yake, wannan na ba ka. Abin da ba ya komawa shi ne yaron ya riga ya san ya taɓa kwana goma sha huɗu ba uwarsa, ya wanke kayansa, ya ji tsoro cikin duhu kuma gari ya waye. Makon da ya dawo yana kwanciya da wuri da kansa, nan ne uwa za ta kafa dokarta, lokacin ƙarfen na da zafi. Kuma 'yata, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki fara tura shi kwana biyu gidan 'yan uwa, ki sa shi ya haɗa jakarsa da kansa, ki nuna masa kwanakin a kalanda. Mafi muhimmanci, ki tambaye shi ko yana so. Yaron da aka tura a matsayin horo ba ya tsinto komai sai haushi.

Maman Uku: Jama'a na dawo da labari. Shekaranjiya muka je duba sansanoni biyu ni da babansa. Na farkon da na tambayi wa ke kwana da yaran, sai mutumin ya ce "Hajiya ki kwantar da hankalinki kawai", muka yi sallama. Na biyun wata mata ce ta zaga da mu har banɗaki, ta nuna min ɗakin nas, ta ce ana raba ɗaki bisa shekaru, manya biyu a kowane ɗaki, kuma ana kiran gida sau biyu a mako. Mun tsaya a kan mako ɗaya tukuna. Da na tambayi yaron, shiru ya yi, can ya ce "akwai iyo?" Na ce akwai. Ya ce to abokinsa ma zai tambayi babansa. Jibi zai tafi gwajin kwana biyu gidan ƙanwata. Na gode muku ƙwarai, Baban Auta musamman, tambayar ɗaki daga wurinka na ɗauke ta.

Baban Auta: Allah ya tsare shi. Ki ce masa ya rubuta sunansa a cikin takalminsa.

Kawu: Allah ya kai shi lafiya ya dawo lafiya. Amma Hajiya, duba lokacin da kika turo saƙon nan. Ƙarfe 1:47 na dare. Ke kuma wa zai karɓe taki?

Maman Uku: Kawu ka ƙyale ni don Allah. Kai me kake yi a farke?